Yabo Daban, Shaida Daban: Daga Ina Mai Awo Yake Samun Ƙarfin Gwiwa?

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai wani aiki da da yawa daga cikinmu muka taɓa yi a lokacin hutu, amma ba mu cika yin maganarsa ba in ban da tambayar jika nawa ake biya a rana. Aikin anketi nake nufi. Furoje ya ƙare ko ya kai rabi, masu kuɗi suna son sanin abin da aka yi da kuɗinsu, sai a ɗauki matasa masu jin Hausa da Faransanci, a yi musu horon kwana uku, a ba kowa tabilet da hula, a zuba su a mota a nufi ƙauye. Ni ma na yi a hutun bara, cikin ƙauyukan Agiye da Gazawa, ƙasar da aka haife ni. Kuɗin rajista da na hayar ɗaki a Yamai na tafi nema, na kuma samu. Amma na dawo da wata tambaya da har yau ba ta sake ni ba: mutumin da aka ɗauka ya auna aikin wani, daga ina zai samu ƙarfin gwiwar faɗin abin da ya gani? Kuma ta yaya ƙarfin gwiwar nan ba zai rikiɗe ya zama girman kai ba?

Kada a ɗauka ƙaramar tambaya ce. Duk wanda ya tashi tsakanin Cadawa da Gazawa ya tashi ne yana ganin motocin furoje. Asusun FIDA kaɗai ya daɗe a ƙasar nan: PPILDA daga 2005, PASADEM daga 2012, sannan ProDAF daga 2015, ban da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ba su ƙirguwa. Kowane ɗaya yana da ranar da za a zo a auna shi. Abin da ƴan anketi suka rubuta a ranar shi ne zai yi tafiya har Yamai, har Roma, a yanke shawara a kansa: a ƙara, a rage, ko a kwashe a kai wani wuri. Tsohuwar da ka zauna da ita minti arba'in a zaure ba za ta taɓa ganin rahoton ba, amma tukunyarta za ta ji shi.

Kuma ƙasarmu ta ga abin da awo marar ido yake jawowa. A 2005, tsarin da ake bi wajen hango yunwa ya fi dogara ne da yawan hatsin da aka girbe, don haka hankali ya fi karkata ga yankunan da damina ta gaza. Kudancin Maraɗi kuwa rumbun ƙasa ake ce masa. Sai ga shi a nan ne cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, abin da ya kamata a auna ne bai auna ba.

Ga misali na biyu, shi kuma na alheri. Tun shekarun 1980, bayan da Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka fara yayata sassaben zamani a Maraɗi, manoma suka riƙa barin tohon sabara da kalgo da gawo a gonakinsu suna gyara shi maimakon su ƙone. Shekara da shekaru aikin yana yaɗuwa daga gona zuwa gona, alhali lissafin hukuma ya fi kula da itatuwan da aka dasa. Sai a shekarun 2000, da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, duniya ta ji cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maraɗi da Damagaram. Manomin Ɗan Saga ya riga kowa sani, don shi ya riƙe adda. Takarda ce ba ta da gurbin da za a rubuta itacen da ba a dasa ba.

To, ka ga ke nan aikin mai awo amana ce babba. Amma bari in gaya muku yadda mai ɗauke da amanar nan yake ji a cikinsa, tunda na ɗanɗana. Tsoro uku ne. Na farko tsoron wanda ya ɗauke ka aiki. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma sau da yawa wanda ake auna aikinsa shi ne ya ba da motar da kake ciki. Na biyu tsoron mutanen gari: kai yaro ne, sa'an jikansu, ka zo kana tambayar dattijo sau nawa aka ɗora tukunya a gidansa jiya. Na uku, wanda ya fi cin rai, tsoron abokan aikinka, kada su gane ba ka san komai ba. Wannan na uku shi ya fi kama ni. Mu shida ne a ayari: wata Hajiya da ta daɗe tana aikin karkara ita ce shugaba, da wani ɗalibin lissafi, da wata da ta karanta aikin gona, da wani tsohon malamin makaranta, da direba, sai ni. Kowace yamma in an zauna bitar aikin yini, sai su yi ta Faransancin ofis, ni kuwa in yi shiru. Ina ce wa raina, mai karatun kimiyyar harshe me ya sani game da hatsi? An ɗauke ni ne kawai don ina jin Hausar wurin.

Mai tsoro kuwa hanya biyu gare shi. Ko dai ya lafe, ya rubuta abin da ya san ana so a ji, ko kuma ya kumbura, ya shiga gari yana magana da ƙarfi kamar jandarma don kada a ga gwiwarsa tana rawa. Dukansu biyu ƙarya suke kai wa ofis. Ni na lafe. Aikin da muke aunawa bankin cimaka ne na mata, na wata ƙungiya da ba zan faɗi sunanta ba, ba ta kuma cikin waɗanda na ambata a sama. Tambaya ta ce, kin gamsu da bankin? Mace ta ce, "Alhamdu lillahi, mun gode." Sai in danna gurbin gamsuwa ƙwarai. Na san a raina cewa a wurinmu ko mai jinya aka tambaya zai ce da sauƙi. Na sani sarai. Amma ban ɗauki wannan sanin a bakin komai ba.

Daren kwana na huɗu, a farfajiyar wata makarantar da aka sauke mu, Hajiya ta ce yau babu bita. Kowa zai dubi wanda ke damansa ya faɗi abu ɗaya da ya ga ya iya. Tsohon malamin nan ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, mu fa ba maroƙa ba ne." Ta ce, "Malam, ban ce ka wasa kowa ba. Shaida na ce ka bayar. Ka faɗi rana, ka faɗi gari, ka faɗi abin da mutum ya yi. Wanda ya ce mini wane mutumin kirki ne, zai sake." Ta kuma kira direba, wanda ya saba zama can gefe da butar shayinsa, ta ce shi ma yana ciki.

Da aka zo kaina, mai aikin gona ce a haguna, ita za ta yi magana. Ta ce, "Shekaranjiya da hantsi ka tambayi wata mata ƴaƴanta nawa, ta ce huɗu. Ka yi shiru kaɗan, ka ce mata, Inna, ban da babban? Ta sunkuyar da kai, ka rubuta biyar. Ni a Yamai na tashi, da ni ce da huɗu zan rubuta." Wallahi sai na ji kunya, na ce ai wannan kowa ya sani, mace ba ta faɗin ɗan fari. Hajiya ta ce, "Kowa a garinku. A cikin motar nan kai kaɗai ka tuna da shi a lokacin da ake bukata."

Yanzu bari in tsaya a kan ƙorafin malamin nan, don yana da gaskiyarsa. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma mun san yabon gaban ido yakan lalata mutum. Mun ga yadda ake yi wa mai kuɗi kirari har ya manta inda ya fito. Idan abin da ake kira ƙarfafa gwiwar ma'aikata shi ne a zauna a yi da'ira ana shafa wa juna mai a baki, to mai awo ya fi kowa cancantar ya guje shi, tunda sana'arsa ita ce ƙin yarda da magana mai daɗi sai ya gani. Ta yaya wanda aka aika ya bincika ko yabon da ake yi wa furoje gaskiya ne zai koma gida ya rayu da yabo?

Amsar da na samu tana cikin kalmomin kansu, kuma a nan karatunmu ya yi mini rana. Yabo da shaida ba abu ɗaya ba ne, ko a nahawu. Yabo yakan zo da siffa: wane gwani ne, wance haziƙa ce. Ba shi da rana, ba shi da wuri, don haka ba a iya ƙaryata shi, ba a kuma iya dogara da shi. Shaida kuwa da aikatau take zuwa, da lokaci, da wuri: ranar kaza, a gari kaza, ka yi kaza. Ana iya cewa ba haka aka yi ba. Wanda aka yaba yakan fita yana jin ya fi kowa a komai. Wanda aka ba da shaida a kansa yakan fita ya san abu ɗaya da ya iya, ya kuma san iyakarsa, domin a zama ɗaya ya ji abubuwa biyar da wasu suka iya shi bai iya ba. A daren nan na ji cewa ɗalibin lissafi yana gane lambar da aka ƙirƙira da ka. Na ji mai aikin gona tana iya duban gona ta faɗi dami nawa za ta bayar. Na ji malam ya san yadda ake yi wa dattawa tambaya su amsa ba tare da sun ji an ƙure su ba. Direba kuwa, Hajiya da kanta ta ba da shaida cewa kafin mu sauko daga mota ya riga ya karanta ƙasa, ya san ko amalanke ta bi wurin cikin makon.

Kwana biyu bayan haka muka ga amfanin abin. Mun isa wani gari, takardun bankinsu tsaf, magajiyar kwamiti ta ce mai makulli ya tafi kasuwa. Da a farkon mako ne, da mun cika fishi mun wuce. Da yamma Hajiya ta ce kowa ya faɗi abin da ya lura da shi. Direba ya ce, "Hajiya, akwai gidan zanzaro a jikin kwaɗon ƙofar nan, kuma ya bushe. An daɗe ba a buɗe ba." Ɗalibin lissafi ya ce adadin tiyar da aka rubuta an mayar shekara uku a jere iri ɗaya ne, babu ragi ko ƙari ko na tiya guda. Mai aikin gona ta ce da irin daminar da aka yi bara a yankin, da wuya a ce kowace mace ta biya cif. Sai idanu suka dawo kaina. A da shiru zan yi. Na ce, "Akwai wata ƴar kalma. Mata goma na tambaya ko akwai hatsi a banki, bakwai sun ce mini, wai akwai. Na danna i, saboda tabilet ba ta da gurbin wai."

Ku da kuka yi darasin nahawu kun san aikin wai. Da ita Bahaushe yake zare hannunsa daga magana: na ji an faɗa, ban gani ba, kada ka kama ni. Matan nan ba su yi mana ƙarya ba. Sun gaya mana gaskiya da harafi uku, a hanyar da ba za ta kunyata kowa a garinsu ba. Fassara ce ta haɗiye ta, kuma ni ne mai fassarar.

Babu ɗayanmu da zai iya tsayawa da abin da ya gani shi kaɗai. Gidan zanzaro ba hujja ba ne, wai ma ba hujja ba ce. Amma alamu huɗu daga idanu huɗu da ba su kallon wuri ɗaya, wannan kam abin tsayawa ne a kai. Washegari malam da Hajiya suka je wurin maigari, suka daɗe. Aka kawo makulli. Buhu kaɗan ne a ciki. Ba sata aka yi ba. An ba mata rance cikin damina, kaka ta zo da ƙaranci, da yawa suka kasa biya, kwamiti ya kasa matsa wa maƙwabtansa, sai ya ci gaba da cika littafi don tsoron kada a cire garin daga jerin waɗanda za a taimaka nan gaba. Magajiya ta dube ni ta ce, "Mi za mu ce, ɗana? Wanda ya ba ka, ba ka ce mai bai isa ba."

A nan tambayar ta ƙara nauyi. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, addu'a ma muke yi da shi. In mun rubuta, mun tona asirin matan da suka shayar da mu fura. In mun rufe, ƙungiyar za ta ɗauki tsarin nan yadda yake, wanda bai tanadi komai ba game da shekarar da kaka ta gaza, ta kai shi wasu garuruwa, wasu matan su faɗa ramin da waɗannan suka faɗa. Mun yi gardama har dare ya raba. Abin da muka tsaya a kai shi ne a rubuta abin da aka gani tare da dalilinsa, ba tare da sunan kowa ba, a kuma faɗa a fili cewa matsalar tana cikin ƙa'idar biyan rance kafin ta kai ga hannun mata. Da muka koma, wani babba a ofis ya tambayi Hajiya ko za a ɗan sassauta lafazin. Ta ce mu shida muka gani, mu shida za a tambaya. Rahoton ya tafi yadda muka rubuta shi. Da aka tashi zagaye na gaba ba a kira ni ba. Ba zan ce saboda wannan ne ba, don ba ni da shaida, kuma na riga na koyi kada in faɗi abin da sai da wai zai tsaya.

Ba ina cewa zaman da'irar nan maganin komai ba ne. Yana da haɗari biyu da na hango. Na ɗaya, abin da aka ce ka iya yakan zama kejinka. Tun daga daren nan aka fara kirana mai kunne, kuma na ji daɗi, har na kusa ɗaukar cewa lissafi ba ruwana. Alhali mai awon da ba ya iya duba lamba, ko me aka rubuta a gabansa sai ya sa hannu. Ya kamata shaidar abokinka ta zama wurin da za ka taka ka koyi na wasu. Na biyu ya fi muni. Ayarin da ya saba da juna, kowa yana jin daɗin kowa, yana iya zama ayarin rufa-rufa: na ga ka cika fishi biyar a gindin bishiya ba ka shiga gida ko ɗaya ba, amma ai kai namu ne. Don haka in za a ba da shaidar abin da mutum ya iya, dole ƙofa ta zama a buɗe ta ba da shaidar inda ya gaza, da ƙa'ida iri ɗaya: rana, wuri, aiki. Hajiya ta yi mini haka a gaban kowa game da gurbin gamsuwa ƙwarai da na yi ta dannawa, na kuma iya ɗauka saboda na san ba don ta raina ni ba ne.

Akwai kuma wasu da ba mu sa a da'irar ba, alhali sun fi mu cancanta: mutanen garin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan Agiye an gwada wannan. A zamanin PPILDA an horar da mutanen ƙauyuka su riƙa ƙirga gidajensu da kansu, su rarraba su gwargwadon ƙarfi da rauni, su bi sawun wanda tallafi ya kai gare shi. A Ɗan Saga kwamitin gari ne yake sa ido a kan itatuwan gona. Masu binciken LASDEL, cibiyar da aka kafa a Yamai a 2001, su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun nuna a nazarinsu na rabon kuɗin tallafi a Nijar yadda mutanen gari kan sake raba kuɗin a tsakaninsu bisa tasu ƙa'ida bayan motar ma'aikata ta tafi. Ma'ana, mutanen da muke aunawa su ma suna auna mu, suna kuma da ma'auninsu. Mai awon da ya san haka ba zai shiga gari yana kumbura ba.

To, ina amsar tambayata? A ganina ƙarfin gwiwar mai awo yana fitowa ne daga abu biyu: ya san takamaiman abin da idonsa ko kunnensa yake iya kamawa, ya kuma san wanda zai kama abin da ya kuɓuce masa. Na farko yana hana shi lafewa, na biyu yana hana shi kumbura. Kuma mutum ba ya iya ba kansa ko ɗaya daga ciki, domin abin da ka iya tun kana yaro ba ka ganinsa, kamar yadda ba ka jin karin harshen garinku sai ka je wani gari an kwaikwaye ka.

Ƴan'uwa, hutu yana tafe, za a sake liƙa sanarwar neman ƴan anketi. Ku je, kuɗin halal ne. Amma ku da kuke karatun harshe, ko tarihi, ko labarin ƙasa, kada ku zauna shiru a bayan mota kuna ganin ku ƴan rakiya ne. Kafin ku shiga gari na farko, ku tambayi abokan tafiyarku me kowa ya iya, har da direba. In kun ga wani ya yi abu daidai, ku gaya masa da rana da wuri. In kuma wata Inna ta ce muku wai, ku ajiye tabilet ku gyara zama, hirar yanzu ta fara.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.